Ganuwa da Ƙofa: Tsara Yini da Haƙƙin Maƙwabci



A 'yan shekarun nan wani abu ya shigo hannun matasanmu, har da wasu iyaye, wanda ya cancanci mu zauna mu auna shi. Manhaja ce da ake saukewa a wayar hannu, aikinta kuwa lissafa wa mutum ɗabi'unsa. Mai waya zai rubuta abubuwan da ya yi wa kansa alkawarin yi kullum: tashi da asuba, karatu na sa'a guda, motsa jiki, addu'ar Rozari, shan magani a kan kari. Duk ranar da ya cika sai ya danna alama, manhaja ta ƙara masa kwana ɗaya. Kwanakin nan suna jeruwa kamar sarƙa, goma, hamsin, ɗari. Ranar da ya fasa kuwa, a yawancin irin waɗannan manhajoji, sarƙa ta tsinke ke nan, lissafi ya koma sifiri.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne labarin wani saurayi daga cikin matasanmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. Tela ne, yakan kai yadi wurin wani dattijo mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Galadima, domin a yi wa manyan riguna aiki. Yana kuma shirin jarrabawar shiga jami'a, saboda haka ya keɓe wa kansa karatu daga ƙarfe bakwai zuwa tara na kowane dare, har ya jera kwana 83 bai fasa ba. Wata rana da almuru ya je karɓar riga, sai ya tarar da gidan a ruɗe: jikan dattijon yana shiɗewa saboda zafin zazzaɓi, ga shi babu mai abin hawa a kusa. Dattijo ya ce masa, "Ɗana, taimaka mana da mashin ɗinka." Ya ɗauki yaron da mahaifinsa zuwa asibiti, bai dawo gida ba sai bayan tsakar dare. Yaro ya sami sauƙi, mun gode wa Allah.

Amma ga abin da saurayin ya faɗa mana, kansa a sunkuye: "Da Baba ya roƙe ni, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne kwanakina 83. Na je, amma da ɓacin rai na dawo. Shin wannan abu gyara ni yake yi, ko ɓata ni?"

Wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. Tamu ce duka, ko muna da waya ko ba mu da ita, domin kowane ɗayanmu yana da yini guda a hannunsa kowace safiya, kuma zai ba da lissafinsa.

TSARI ABU NE MAI KYAU

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu zo domin kushe tsari ba. Mutumin da ba shi da tsari, wasu ne ke biyan bashinsa. Wanda ya ce zai zo ƙarfe huɗu ya zo ƙarfe shida, ya ɗebi sa'a biyu daga rayuwar wanda ya jira shi, ba zai kuwa iya mayar masa da su ba. Mun saba rufe wannan hali da sunan "lokacin Afirka" muna dariya, alhali kuwa alkawari kaya ne. Taron kwamiti nawa ne a ikkilisiyoyinmu ya watse ba a yanke kome ba domin an fara shi da latti? Iyalai nawa ne ke shigowa Mas ana tsakiyar karatun Bishara? Ɗalibai nawa ne suka faɗi jarrabawa, ba don rashin basira ba, sai don kullum gobe ce ranar fara karatu?

Kakannin mutanen Zazzau sun kewaye birninsu da ganuwa, kuma labarin gargajiya yana danganta irin wannan gini da Sarauniya Amina. Sun yi haka ne domin abin da ke ciki yana da daraja. Haka ma wanda ya kewaye sa'o'insa da tsari, ya nuna ya san darajarsu. Saurayinmu ya yi daidai da ya gina wa karatunsa ganuwa. Abin da za mu bincika shi ne ko ya bar mata ƙofa.

LISSAFIN ƊABI'A BA BAƘO BA NE

Masu ganin wannan manhaja sabuwar aba ce, bari mu tuna musu da Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya rasu a 1556. A cikin littafinsa na atisayen ruhaniya, wanda aka buga a 1548, ya koyar da wata hanyar binciken lamiri. Da safe mutum zai ɗauki niyyar kauce wa laifi guda ɗaya tak. Bayan abincin rana zai duba kansa, ya ɗiga ɗigo a kan layi gwargwadon yawan faɗuwarsa. Bayan abincin dare ya sake yi a layi na biyu. Sa'an nan ya gwada layi da layi, yau da jiya, wannan mako da wancan. Ashe abin da waya ke yi yau, an yi shi da alƙalami fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Haka kuma Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin iyayen ƙasar Amurka, wanda ya rasu a 1790, ya ba da labarin ɗan littafin da ya zana wa kansa. Ya jera halaye nagari 13, ya ja layukan kwanakin mako, yana sa baƙin ɗigo duk inda ya gaza. Abin lura shi ne, ya amsa da bakinsa cewa a cikin halayen nan babu wanda ya ba shi wahala kamar tsari, domin shi mai sana'a ne, dole ya karɓi mutane a lokacin da su suka ga damar zuwa. Kowane tela da kowace mai sayar da abinci a Sabon Gari sun san gaskiyar wannan magana.

Sai dai akwai bambanci tsakanin takardar Waliyyi Ignatiyus da sarƙar manhaja. Ɗigon takarda yana nuna wa mutum rauninsa domin ya nemi alherin Allah ya tashi, kuma faɗuwar yau ba ta share ƙoƙarin jiya. Sarƙa kuwa tana tara wa mutum wata dukiya ta lamba, ta sa masa tsoron rasa ta. Masu yin manhajojin nan sun san ɗan Adam ya fi jin zafin asara a kan daɗin riba, kuma da wannan tsoro ne suke dawo da shi ga waya kowace rana. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo har tana da wani abu da mutum zai tanada domin ya tsare masa jerinsa ranar da bai yi darasi ba. A Habitica kuma, wadda ta mai da ayyukan yini kamar wasa, jarumin da ke wakiltar mutum yakan rasa lafiya in an tsallake aiki. Sannu a hankali sai mutum ya wayi gari yana karatu domin kada lamba ta faɗi, ya manta dalilin da ya sa ya fara karatun. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Shin gaskiya ne fashin kwana ɗaya yana rushe ɗabi'a? Wata masaniya mai suna Phillippa Lally da abokan aikinta a wata kwalejin Jami'ar Landan sun bi diddigin mutum 96 har mako 12, kowannensu yana ƙoƙarin sabawa da wani sabon abu na ci, ko na sha, ko na motsa jiki. Sakamakon, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zauna shi ne kwana 66, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254. Ya kuma nuna cewa tsallake rana guda bai yi wa zaman ɗabi'ar wata illa ta a-zo-a-gani ba. Ke nan sifirin da saurayinmu ya gani a wayarsa ƙarya ya yi masa. Abin da ya karanta cikin kwana 83 yana nan a kansa, sabon da ya yi da zama a kan littafi yana nan a jikinsa.

Akwai wani binciken da ya fi wannan tsoratarwa. A 1973 wasu masana biyu, John Darley da Daniel Batson, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka. An aiki kowane ɗalibi zuwa wani gini domin ya yi gajeren jawabi, wasunsu ma a kan misalin Basamariye mai kirki. An ce wa wasu sun makara, su hanzarta. An ce wa wasu akwai sauran lokaci. A kan hanya an ajiye mutum a zube yana tari yana nishi. Daga cikin waɗanda ba su cikin sauri, kashi 63 cikin ɗari sun taimaka. Daga cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kawai. Batun jawabin da ke bakinsu bai kawo wani babban bambanci ba.

Mu dubi wannan da kyau, 'yan'uwa. Waɗannan ba mugaye ba ne, masu shirin aikin Allah ne. Gaggawa ce ta rufe musu ido. Idan muka koma ga misalin da Ubangijinmu ya bayar a Luka sura 10, ba a gaya mana cewa firist da Balawen nan sun ƙi mutumin da 'yan fashi suka raunata ba. An dai nuna mana sun gan shi, sun ratse. Yini da aka cika maƙil, ba a bar masa sarari ko kaɗan ba, yana iya mai da mutumin kirki mai ratsewa.

YADDA BIRNI KE RABA YININSA

Wanda ya saba shiga birni ta Ƙofar Galadima ko sauran ƙofofi, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, ya san akwai wata tsohuwar hanyar raba yini wadda ta girmi agogo. Harshen Hausa da kansa yana ɗauke da ita: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Maƙwabtanmu Musulmi sun kafa yininsu a kan salloli biyar, kamar turaku biyar. Idan dattijo mai ɗinki ya ce ka dawo bayan la'asar, ya ba ka lokaci tabbatacce, amma mai fili. Turakun ba sa tashi, tsakaninsu kuwa akwai wurin ciniki, da gaisuwa, da zuwa jana'iza, da duba mara lafiya. Su kansu turakun suna bin rana, domin a nan Zariya tsawon yini a watan Yuni ya fi na Disamba da fiye da sa'a guda.

Agogo ya yi ƙarfi a ƙasar nan ne da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya girma a gefen tasha. Jirgi da ofis da makaranta suna bukatar minti, wannan gaskiya ne. Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, yanzu kuma minti ya shiga aljihun kowa. Ba za mu koma baya ba, ba ma roƙon a koma. Amma hikimar turaku kaɗan da fili a tsakani ba ta tsufa ba.

Ikkilisiya ma tana da irin wannan gado. Ƙararrawar Anjelus tana raba mana yini uku: ƙarfe shida na safe, tsakar rana, da shida na yamma. Tun a ƙarni na 6 Waliyyi Benedik ya rubuta wa sufaye ƙa'idar rayuwa a Monte Kasino ta ƙasar Italiya, wadda har yau ake bi, har da gidan sufaye na Ewu a Jihar Edo da aka kafa a 1979. Ƙa'idar tana da tsauri: da an buga alamar addu'a, sufi zai ajiye abin da ke hannunsa ya tafi. Duk da haka, a babi na 48 ya canza sa'o'in aiki da na karatu bisa ga lokutan shekara, ya kuma ce a sassauta wa marasa ƙarfi. A babi na 36 ya sa kula da marasa lafiya gaba da kome. A babi na 53 ya yarda shugaban gida ya karya azuminsa saboda baƙo, in ba babbar ranar azumi ba ce. A babi na 66 kuma ya umarta a sa dattijo mai hankali a bakin ƙofa, ɗakinsa a nan kusa, domin duk wanda ya ƙwanƙwasa ya sami mai amsa masa. Mutumin da ya fi kowa tsara yini a tarihin Ikkilisiya bai ɗauki mai ƙwanƙwasa ƙofa a matsayin mai ɓata tsari ba. Ya yi masa wuri a cikin tsarin tun kafin ya zo.

AMMA ƘOFA TANA DA MAI TSARO

Wani zai ce, "To, in haka ne, duk wanda ya kira ni sai in bar aikina?" Wannan ƙorafi yana da nauyi, ba za mu tsallake shi ba. Mun san uwar gida da ba ta da sa'a guda ta kanta, domin kowa ya mai da ita baiwar bukatunsa. Mun san ɗalibin da abokai ke janyewa zuwa hira da sunan zumunci. Mun kuma san kanmu: sau da yawa lalaci yakan sa rigar kirki, mu ce mun bar aiki ne saboda mutane, alhali mun ji daɗin samun uzuri.

A zamanin da, ƙofofin biranen Hausa suna da sarkin ƙofa, kuma akan rufe su da dare. Ganuwa mara ƙofa kurkuku ce, amma ƙofar da ba mai tsaronta ta mai da ganuwa aikin banza. Mai tsaron ƙofar yininmu shi ne lamiri, kuma babu manhajar da za ta karɓe shi a wannan aiki. Waya ta san an danna ko ba a danna ba. Ba ta san bambanci tsakanin daren da aka kwana a asibiti da daren da aka kwana kallon ƙwallo ba.

Ga tambayoyi uku da lamiri zai yi wa mai ƙwanƙwasawa. Na farko, abin nan zai iya jira har in gama, ba tare da wani ya cutu ba? Yaro mai shiɗewa ba zai iya jira ba, hira za ta iya. Na biyu, akwai wanda zai yi in ban yi ba? Na uku, wanda ya fi wuya: da na ji kiran nan, zuciyata ta yi nauyi ne ko ta yi murnar kuɓuta daga aiki? In murnar kuɓuta ce, to, mu yi wa uzurin kallo na biyu.

SHAWARA GA MAI SON TSARA YININSA

Wanda ke son amfani da irin wannan manhaja, ko littafin rubutu na ɗan makaranta, wanda shi ma ya isa, ga abin da muke ba shi shawara.

Ya kafa turaku kaɗan, uku ko huɗu, ya ɗaura su a jikin abin da ya riga ya zauna a yininsa: addu'a da zarar an tashi, karatu bayan abincin dare, binciken lamiri kafin kwanciya. Abin da aka ɗaura wa minti, ɗaukewar wuta ko ruwan damina na iya ture shi. Abin da aka ɗaura wa "bayan abincin dare" yakan tsira.

Ya ba kowace ɗabi'a ma'auni biyu, babba da ƙarami. Ranar sarari, karatun sa'a biyu. Ranar matsi, shafi ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya yi lissafi da mako, kada ya yi da sarƙa. Kwana biyar cikin bakwai nasara ce. Akwai manhajojin da ke ba da damar haka, kamar Loop Habit Tracker, wadda kyauta ce, tana barin mutum ya ce sau uku a mako, kuma makin da take bayarwa ba ya komawa sifiri don an fasa rana guda.

Ya sake duba tsarinsa da sauyin lokaci. Yinin manomi a damina daban yake da na kaka, zafin bazara kuma ba ya barin a yi aikin da ake yi da hunturu.

Ya bar fili da gangan, ko da sa'a guda a yini, wadda ba a rubuta mata kome ba. Wannan ita ce ƙofar maƙwabci. In ba wanda ya zo, ta zama hutu. Ranar Lahadi kuwa kada ya cusa mata ayyukan da suka rage, gama Ubangijinmu ya koya mana a Markus sura 2 cewa saboda mutum aka yi ranar hutu. In haka ne game da dokar da Allah ya bayar, ina ga jadawalin da muka rubuta da hannunmu?

Daga ƙarshe, da dare, kafin ya duba abin da ya danna, ya fara da godiya kamar yadda Waliyyi Ignatiyus ya koyar, sa'an nan ya tambayi kansa: wa ya ƙwanƙwasa mini yau, yaya kuma na amsa masa?

AMSARMU GA SAURAYIN

Mun ce masa kada ya goge manhajar, ta taimake shi ya zauna a kan littafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ce masa kuma kada ya raina kansa saboda tunanin da ya fara zo masa, gama tunani ya zo, amma ƙafarsa ta taka mashin, kuma Allah ya ga duka biyun. Ɓacin ran da ya dawo da shi gargaɗi ne cewa lamba ta fara zama a kujerar da ba tata ba, ya kuwa yi sa'a da ya gane tun da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Washegari ya koma kan karatunsa da ƙarfe bakwai. Waya ta rubuta masa kwana ɗaya. Bayan mako guda ya koma Ƙofar Galadima karɓar rigar da ya manta a daren nan, ya tarar da yaron a zaure yana riƙe wa kakansa zare.

Ya Allah, wanda ya raba dare da rana, ya ba kowane abu lokacinsa, ka koya mana mu tsare sa'o'inmu da aminci, ka kuma ba mu kunnen jin mai ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.